Bakaniken Gida ko Gareji Mai Kwamfuta: Wa Za Ka Riƙa Kai wa Motarka a Katsina?

Wani abokin aikina ya sayi Corolla ƙirar 2006, motarsa ta farko, kuma tun ranar da ya ɗauko ta daga Kano ya hana ni sakat da tambaya ɗaya: wa zai riƙa kai wa ita? Yayansa ya ce ya miƙa ta ga bakaniken gidansu, dattijon da ya riƙe Peugeot 504 ɗin mahaifinsu har ta tsufa a hannunsa. 'Yan ofis kuwa suka ce kada ya kuskura, motar yanzu sai gareji mai kwamfuta, irin masu rumfar kwano da ɗakin jira da rasit. Ni na yi hulɗa da duka biyun, na ji daɗi na kuma ƙone a kowanne, don haka ga abin da na gaya masa, har da ɗan ƙari.

Juye, wato canza baƙin man inji, shi ne aikin da za ka fi maimaitawa, kuma a kansa yawancin injuna ke mutuwa ba tare da mai mota ya san ranar da ciwon ya fara ba. Baƙin mai yana hana ƙarfe cin ƙarfe, yana kwashe zafi, yana kuma ɗauke dattin da ƙonewar fetur ke bari. Idan ya daɗe sai ya gaji, ya cakuɗe da ƙura da ɗan fetur, daga baya ya daskare a lungunan inji kamar kwalta. Littafin da kamfani ke haɗowa da mota yakan ba da lissafi biyu, na tuƙi mai sauƙi da na tuƙi mai wahala, kuma abubuwan da ya lissafa a ƙarƙashin mai wahala su ne ƙura, tsananin zafi, gajeruwar tafiya da yawan barin inji yana aiki mota na tsaye. Wanda kullum tafiyarsa ita ce daga Ƙofar Kaura zuwa ofis, ya ɗauko yara daga makaranta, ya tsaya kasuwa da na'urar sanyi a kunne, duk huɗun sun same shi. Shi ya sa ni nake yin juye a kilomita 5,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa.

A nan akwai wani tarko da mutane da yawa ke faɗawa. Motocin da aka shigo da su daga Amurka da mil suke ƙirga tafiya, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. In ka jira agogon ya ƙara 5,000, to kilomita 8,000 ka yi. Duba kusa da lambobin, za ka ga abin da aka rubuta.

Yadda bakaniken gida ke yanke hukunci kowa ya sani. Zai zaro sandar gwaji, ya murza man tsakanin yatsu biyu, ya ce maka, "Alhaji, da sauranshi, ka ƙara wata ɗaya." Yatsa ba ya gane ko sinadaran da ke cikin mai sun ƙare. Sannan da yawansu mai ɗaya suka sani, 20W-50, wanda suke kira mai kauri, kuma hujjarsu ita ce garinmu da zafi. Ga 504 ko tsohuwar Golf da injinta ya saki, maganarsu tana kan hanya, domin mai kauri yana cike gurbin da tsufa ya buɗe. Ga Corolla ta abokina kuwa kuskure ne. Lambar farko a jikin galan tana nuna yadda man ke gudu inji na sanyi, ta biyu kuma kaurinsa bayan ya ɗauki zafi. Injunan zamani hanyoyin man da ke cikinsu sirara ne, kuma wannan VVT-i da kake gani a rubuce a kan inji, da ƙarfin turin mai yake sarrafa lokacin buɗewar bawul. Ka zuba masa mai kauri, da safe zai jima bai kai sama ba, ƙarfe na gugar ƙarfe a bushe. Ba sai ka tambayi kowa ba, yawanci a kan murfin da ake zuba man aka rubuta: 5W-30 a Corolla irin tasa, 5W-20 a Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 wadda ta fito daga Amurka.

Gareji mai kwamfuta ya fi sanin wannan, gaskiya ce. Sai dai man nasu za su sayar maka, da ribarsu a kai, kana zaune a ɗakin jira kana kallon talabijin, ba ka ga abin da ya shiga injinka ba. A wajen bakanikenka kuwa kana kan benci, taku uku tsakaninka da motar. Kuma jabun mai ya yi yawa a ƙasar nan, har hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama masu ɗura shi a galan-galan na kamfanoni. Don haka hukuncina a kan juye shi ne, ba ya buƙatar kwamfuta ko kaɗan. Ka sayo manka da kanka a gidan mai ko wajen dilan da ka sani, ka duba hatimin murfin, ka sayi filta ta kirki, ka kai wa bakanikenka, a fasa galan a gabanka. In an gama ka huda shi da sukudireba kafin ka bar shi, kada gobe a cika shi da wani abu a sayar wa wani bawan Allah. Man durom da ake aunawa da kwalba a bakin titi kuwa, bar wa janareton da ka gaji da shi. Filta ma ba a yi mata araha. Ta kirki tana da wata 'yar roba a ciki da ke hana mai komawa ƙasa in an kashe mota. Ta jabu ba ta riƙewa, shi ne za ka ji inji na ƙara kaf-kaf-kaf na ɗan lokaci in ka tayar da asuba.

Abu ɗaya da za ka sa wa ido a garejin gida shi ne wanda ke riƙe da sufana. In oga ya fita sayen kaya, yaro ne zai shiga ƙarƙashi, kuma yaro yana ganin ƙarfi shi ne iya aiki. Ya ɗaure notin juye har zaren ya cinye, ka koma gida ka tarar da ɗigon mai a dandamalin gareji. Na taɓa biyan kuɗin wannan darasi.

Filtar iska, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, ita ke shan wahalar hunturu. Al'adar da aka saba ita ce a kai ta wajen mai faci a hure ta da iska. Sau ɗaya a hankali ba laifi, amma iska mai ƙarfi tana yaga takardar ta inda ido ba ya gani, ƙura ta wuce kai tsaye cikin inji tana goge ringi kamar sanfefa. Ɗaga ta ka kalli rana ta cikinta. In haske ba ya ratsowa, canza. Wannan da hannunka ma za ka iya.

Inda na fi jin haushin kanikawanmu na gida shi ne maganar zafi, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin ni ya ci. Ina da wata Accord a lokacin, cikin watan Afrilu, irin ranakun da zafin Katsina ke haura digiri 40. Ina hanyar Daura, na wuce Mashi kaɗan, sai na ga allurar zafi ta fara hawa. Na lallaɓa na dawo, na kai wa wani bakanike. Bai ɓata lokaci ba ya kwance tiyo, ya zaro wani ɗan ƙarfe mai sifirin ya nuna mini a tafin hannunsa.

"Ka ga mugun nan, yallaɓai. Na ƙasar sanyi ne, mu nan mi za mu yi da shi?"

Ya jefa shi cikin kwanon notuna, ya kira mai wayarin ya haɗa fanka kai tsaye, da ka murza makulli ta kama juyi har ka kashe. Na tafi ina godiya. Abin da ya cire ɗin shi ne tamostat, kuma aikinsa shi ne tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 80 zuwa 90, sannan ya buɗe ruwan ya zagaya lagireto. In babu shi, inji yakan jima bai kai wannan zafin ba, kwamfutar motar kuma ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da ƙara fetur. Shan man motata ya ƙaru, na riƙa zargin gidajen mai da taɓa lita. Da can ana iya kau da kai, amma tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur, kowace lita a jiki ake jin ta. Mafi muni, ainihin ciwon yana nan. Lagireton ne ya toshe da tsatsa, saboda shekara da shekaru ruwan famfo da fiya wata ake zuba masa. Duk wanda ya taɓa leƙa cikin tsohuwar butar shayi ya ga farin dattin da ke kama gindinta. Irinsa ne ke toshe siraran bututun lagireto. Ruwan sanyaya inji, mai launin kore ko ja, yana hana tsatsa yana kuma ɗaga matakin tafasa. Bayan 'yan makonni allurar ta sake hawa, wannan karon gasket ya ƙone, sai da aka sauke tof, wato kan inji, aka kai wajen masu gogewa. Kuɗin da na kashe ya isa juyen shekara biyu.

Wani gareji mai kwamfuta ne ya mayar mini da tamostat, ya gyara wayarin fanka, ya sa sabon lagireto. A wannan fanni sun yi wa na gida nisa. In bakanikenka ya ce zai cire tamostat ko ya haɗa fanka kai tsaye, ka ce masa a'a, ko da kuwa shi ya yi maka waliyyin aure. Kuma in mota ta tafasa a hanya, kashe ta ka jira ta huce; buɗe murfin lagireto da zafinsa ya saɓule wa mutane da yawa fatar hannu.

Sai fitilar cek, wannan mai ruwan ɗorawa mai siffar inji. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da wata kafa mai ramuka 16, galibi a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura kwamfutar motar ta faɗi abin da ke damunta. Wanda ba shi da na'urar sai ya koma canki-canki: yau fulogi, gobe wankin nozul, jibi famfon mai, kowanne kai ke biya, fitilar na nan. Wani ya cire kan batir ta mutu na kwana biyu. Na ga motar da aka liƙa wa fitilar baƙin salatif aka sayar. Babu gardama, wannan aikin na mai kwamfuta ne.

Amma kada ka ɗauka na'urar boka ce. Lamba kawai take bayarwa, kuma lambar alamar ciwo take faɗa, ba kayan da za a canza ba. P0171, misali, tana nufin iska ta rinjayi fetur a cikin inji. Yana iya zama tiyo ne ya tsage, ko na'urar auna iska ce ta yi datti, ko famfon mai ya yi rauni. Gwani zai bi su ɗaya bayan ɗaya, ya fara da mai araha. Yaron da ya sayi na'ura jiya kuwa zai goge lambar ya karɓi kuɗinka, ko ya rubuta maka kaya mafi tsada. Ka ce a rubuta maka lambar a takarda kafin a goge, ka tambayi yadda aka tabbatar. In amsar ita ce "kwamfuta ce ta ce", nemi wani wurin. In fitilar tana ƙyaftawa ne ba tsayawa ta yi ba, wani silinda ba ya ƙona mai, kuma ci gaba da tafiya a haka yana ƙona abin nan na cikin salansa da kanikawa ke kira indomi. Shi indomin, tunda na ambace shi, akwai ƙarafa masu daraja a cikinsa, shi ya sa ake sayensa da tsada, shi ya sa kuma wasu ke saurin ce maka ya toshe a fasa. In har za a cire, naka ne, a ba ka a hannu. Wannan gargaɗin ya shafi garejin duka biyu.

Man giya a motar otomatik ma ina karkata ga mai kwamfuta, ko aƙalla ga wanda ya ƙware a giya kaɗai. Duk ja ne a ido, amma ba ɗaya ba ne. Corolla ta 2006 T-IV take sha, kuma sau da yawa a jikin sandar gwajin aka rubuta. Toyota na baya-bayan nan WS. Honda kuma tana da nata, Z1 a da, yanzu DW-1. Zuba wanda ba shi ba ba ya nuna kansa a ranar. Sai bayan watanni giya ta fara fizga, a ce maka sai Baljiyam, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje.

To ina bakaniken gida ya fi? Wurare da yawa, kuma ba ƙanana ba. Duk abin da ke ƙarƙashin mota, shakazoba, bal joyin, tayarod, bushin, birki, aikin kunne ne da hannu, kwamfuta ba ta jin su. Dattijon da ya shekara talatin a rami zai zauna gefenka ku bi ta wani layi mai gargada, kafin ku kai ƙarshensa ya gaya maka gefen da ke ƙara da abin da ke yin ta. Sannan yana gyara abin da sabon gareji zai ce a jefar: ya canza burushin kik, ya sa bushin kaɗai maimakon canza ƙarfen da yake ciki sukutum. In kuwa motarka Peugeot ce, da tsohuwar zuma ake magani. Tun 1975 ake haɗa Peugeot a Kaduna, kuma kanikawan Arewa sun gaji saninta oga bayan oga. Mai 406 ya kula da abu ɗaya: bel ne ke riƙe da tayimin ɗinta, ba sarƙa ba kamar Corolla ta abokina, kuma in ya tsinke ana tafiya, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su. Akan canza irin wannan bel tsakanin kilomita 60,000 da 100,000 gwargwadon mota. In ta hannu ka saya, ba ka san ranar da aka sa na ciki ba, canza shi a makon farko ka huta.

Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a rasit. Bakanikenka zai yi maka aiki ranar 20 ga wata ya jira albashi. In mota ta mutu maka tsakanin Charanchi da Kankia da la'asar sakaliya, shi za ka kira ya hau babur da yaronsa da akwatin sufanu, kuma a halin da ake ciki ba kowace hanya ce mutum zai so magariba ta same shi a tsaye ba. Lambar gareji mai ɗakin jira a wannan lokacin ƙila ba mai ɗauka. Su kuma nasu alherin shi ne tsari: farashi a faɗe, rasit a hannu, takarda a liƙe da ke nuna juye na gaba, kuma in sun ce ƙarfe huɗu, ba za ka zo ka tarar an tafi ɗaurin aure da makullinka a aljihu ba. Sun fi tsada, ba a cika yin ciniki ba, kuma ma'aikatansu na yawan sauyawa, ta yadda wanda ya san motarka bara ba lallai ka same shi bana ba.

Kayan gyara, ko'ina ka je, kai ne mai yanke hukunci. Filta, fulogi, bel da takalmin birki sababbi ake saye, na asali. Altaneta, kik ko inji sukutum, na Baljiyam mai kyau sau da yawa ya fi sabo na jabu, kuma wanda bai samu a Katsina ba, Ƙofar Ruwa a Kano ce madafa; ka tafi da bakanikenka ko ka tura shi da tsohon a hannu. Taya kuwa ka karanta lambobi huɗun da ke gefenta masu nuna lokacin da aka ƙera ta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa shekara huɗu take ba taya. Yawan iskar da za a sa yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, galibi 30 zuwa 33 a ƙananan motoci, amma mai faci in ka ƙyale shi zai ɗura 45, a kan kwaltar da ke narka takalmi. Man birki yana shan danshi, shekara biyu ya isa a zubar a sa sabo, kuma ban taɓa jin bakanike, na gida ko na zamani, ya tuna mini da shi don kansa ba.

Mazaunin Daura ko Mai'adua da bai samu mai na'urar da ya yarda da shi kusa ba, ba sai ya riƙa cin kilomita kusan 80 ko fiye saboda juye ba. Ya bar aikin yau da kullum a hannun na gida, ya haɗa duba na kwamfuta da wata shigowa Katsina, sau ɗaya kafin bazara, sau ɗaya kafin doguwar tafiya. Kuma ba ranar jajibirin sallah ba, lokacin da kowane gareji ya cika, kowane yaro na sauri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abokin nawa dai ya raba aikin gida biyu. Ya fara kai ta aka jona na'ura, aka tarar tamostat na nan, indomi na nan, lamba ɗaya ce ta fito, ta na'urar auna iska, aka wanke ta fitilar ta mutu. Washegari ya sayi galan ɗin 5W-30 da filta ya nufi wajen dattijon gidansu. Dattijo ya jujjuya galan ɗin, ya karanta, ya taɓe baki.

"Wannan ai ruwa ne, ɗana. Ba ya jure zafinmu."

"Baba, a kan murfin aka rubuta, duba ka gani."

Ya sa tabarau ya duba, ya yi shiru, ya ce wa yaro ya kawo kwano. Da aka gama, abokina ya ciro littafin rubutu irin na 'yan firamare daga aljihun gaban mota, ya rubuta kwanan wata, da lambar da agogo ke nunawa, da sunan man. Da yake agogon nasa da mil yake ƙirga, sai ya ƙara 3,000 a kai, ya rubuta a farin salatif, ya liƙa a gefen sitiyari.